Turkuɗin 'Yardada

Saura kwana tara a kawo amaryar jikana Tajuddeen na buɗe adaka na fito da turkuɗin 'Yardada. Baƙin zane ne na rinin baba, an buge shi da shuni har yana ƙyalli kamar fiffiken hankaka a rana. 'Yardada kakar maigidana ce, Allah Ya ji ƙansu duka. Tun zamaninta, duk amaryar da aka kawo gidan nan namu na Ƙofar Ɗan Agundi, da zanen nan ake lulluɓe ta daga zaure zuwa ɗaki. In aka buɗe kanta sai a tarar shuni ya zauna mata a goshi da tafin hannu. Ba a gogewa, sai ya fita don kansa. Matan gidan kan ce gida ya taɓa ta.

Ina shimfiɗa shi a kan gado ke nan Muhsina ta shigo, ƙanwar angon, waya a hannu kamar an haife ta da ita.

"Hajiya, wa za a sa wa wannan?"

"Amarya nawa za a kawo mana?"

"Sakina? A'a. Wannan kam ban yarda ba."

Sunan yarinyar Sekinat, mu muka mayar da shi Sakina. Bayarabiya ce 'yar Abeokuta, bautar ƙasa ta kawo ta Kano, ta zauna tana aiki a wani kantin magani. Muhsina ba ta taɓa nuna ba ta son auren ba. Ita ma ta zaɓi ankon.

Ta zauna a bakin gado ta miƙo mini wayar. Hotuna ne na wasu samari da 'yan mata na Kudu, sun sa kayan saƙi irin na Fulani, an ɗora ƙwarya a ka, an rataya sanda a kafaɗa, ana ta yaƙe. Ta gangara ƙasa ta nuna mini abin da mutane suka rubuta. Ba zan maimaita shi ba, an dai zagi Fulani, iyayen mijina, da shanunsu.

"Kin gani? Da safe su ce mu 'yan ta'adda ne, da yamma su sa kayanmu su ɗauki hoto. Kayan suke so, ba sa son masu kayan. Babbar riga ma sun ce tasu ce. Yanzu kuma mu ɗauki abin da ya fi komai daraja a gidan nan mu yafa mata, a yi hoto, gobe ki gan shi a wajen wani tela a Legas."

Na dube ta daga sama har ƙasa. Abaya ce a jikinta, 'yar Dubai.

"Wannan baƙar rigar taki, a Dala aka saƙa ta ko a Gwauron Dutse?"

"Na san nan za ki je."

"Leshin da kika zaɓa mana fa? Da gwaggwaron da za ki biya Bayarabiyar nan Maman Bose ta ɗaura miki? Shi kansa ankon, wa ya koya mana? Ni dai da aka kawo ni gidan nan kowa abin da yake da shi ya ɗaura."

"Ba ɗaya ba ne, Hajiya. Ni ban sa abaya ina zagin Larabawa ba."

"Kin tabbata? Me kika ce a kansu bara da kuka dawo daga Umra?"

Ta yi dariya ba don ta so ba. Uwarta Murja, da take tsinkayo mu daga tsakar gida, ta leƙo tana goge hannu.

"Hajiya, ki rabu da ita. Kaya ai kaya ne, kowa ya sa abin da ya ga dama. Boko ne ya yi mata yawa."

Wannan ma ban karɓa ba. Da kaya kaya ne kawai, da Murja ba ta ajiye hoton ranar da aka buɗe kanta da shuɗin goshi a kan sif shekara talatin da biyu ba. Na faɗa mata haka, ta koma madafa. Ni a ganina yarinyar tana da gaskiya rabi, uwar tana da rubu'i, kuma kowacce tana ganin ta kammala.

Akwai abin da ban faɗa musu ba a ranar. Ni 'yar Koki ce, ubana fatake ne na goro, babu saniya ko ɗaya a tarihinmu sai wadda muka yanka. Ranar da aka kawo ni, wata gwaggon maigidana ta tsaya a zaure ta ce Kaɗo ba za ta lulluɓa da zanen Fulani ba. Ina ji, ina cikin mayafi, ina shekara goma sha tara. Surukata ce ta karɓe zanen daga hannunta ta yafa mini. Na san nauyin abin da Muhsina take so a hana, don na taɓa tsayawa a zauren nan ina jira.

Na ninke zanen na ɗora mata a cinya.

"Tunda ke ce mai gadin al'ada, ga shi. Ki ajiye. Ranar Asabar in kin ga dama ki fito da shi, in ba ki ga dama ba amarya ta shigo da leshinta. Ba zan tilasta ki ba."

"Da gaske kike?"

"Yaushe na fara wasa da ke, ban da kullum?"

Ranar Talata da hantsi ta shigo ɗakina ba sallama mai ƙarfi, ba waya a hannu. Wannan kaɗai ya sa na ajiye carbi. Ta ce in fito in gani.

A kan igiyar shanya na ga zanen. Da ban san shi ba, da na ce tsohon labulen wani ne. Ƙyallin ya tafi gaba ɗaya, baƙin ya koma shuɗi mai toka-toka, ya yamutse, ɗinkin da ya haɗa siraran ƙyallayen duk ya fito fili. Ƙasan igiyar kuma simintin ya yi shuɗi har bakin rariya.

Ta yi mini bayani tana kallon ƙasa. So ta yi ta ɗaura shi ta ɗauki hoto, ta yi rubutu a kan tufafin iyayenmu don masu sata su san yana da masu shi. Tana yafawa sai ta ga ya ɓata mata fuska da farar riga, ga warin adaka. Ta ɗauka tsufa ne ya sa yake zuba. Sai ta jefa shi a injin wanki da garin sabulu, har sau biyu, don ruwan farko bai fita fari ba.

"Ke ba ki taɓa ganin goshin uwarki a hoton nan ba?"

"Na ɗauka kwalliya ce ake shafawa daban."

Ban yi mata faɗa ba. Wa zan kama? An yi aure na ƙarshe a gidan tana 'yar shekara shida, ni kuma na kulle zanen a adaka ina jiran ta sani daga sama. Na dai zauna a kan kujera 'yar tsugunno.

Muna nan muka ji sallama. Sakina ce da gwaggonta ta Sabon Gari, sun kawo mini goro da atamfa na gaisuwa. 'Yarmu da ake saura kwana huɗu bikinta ba za ta tako gidan miji ba ko da wuƙa a wuya, amma su a wajensu ƙin zuwa ne rashin kunya. Sakina ta durƙusa gwiwa biyu har ƙasa ta gaishe ni da Hausarta ta kantin magani. Tana ɗagowa idonta ya sauka a kan igiya.

Ta tashi ta je, ba ta taɓa ba sai da ta waiwayo na ɗaga mata kai. Ta murza gefen zanen da yatsa biyu, ta kai hanci.

"Mama, wa ya sa masa sabulu?"

Muhsina ta sunkuyar da kai. Ba ta sake tambaya ba, wannan ya ƙara mata daraja a idona.

"Kakata marina ce," ta ce. "A gidanta na tashi, hannunta baƙi ne har gwiwar hannu, har ta rasu bai fita ba. In muka kusanci kayanta da sabulu, duka ne. Wannan baba ne na gaske, yana nan a cikin zaren, bai mutu ba. Na saman ne ya tafi."

"Za ki iya gyarawa?" Muhsina ta tambaya, muryarta a ƙasa.

"Ni? A'a. Mu zane muke yi wa fure da kullun rogo mu rina, amma wannan ƙyallin ba mu iya shi ba. Kakata ta ce aikin mutanen Kano ne, su kaɗai. Ku da kuke da Ƙofar Mata, ni za ku tambaya?"

Sai ta juyo gare ni.

"Mama, Tajuddeen ya gaya mini maganar zanen, ya kuma gaya mini ba kowa ya yarda ba. Ni ba na so a sa mini abin da zuciyar wani ba ta bayar ba. Ina da kayana na gida, ba na jin kunyarsu."

Muhsina ta ɗago. "Kin ga abin da mutanenku suke rubutawa a kanmu?"

"Na gani. Ke kin ga abin da naku suke rubutawa a kanmu?"

Suka tsaya suna kallon juna. Na ce musu kowa ta ɗauko mayafi, faɗan zai iya bin mu a Adaidaita.

A Ƙofar Mata muka sami Malam Usaini zaune a bakin rijiyar rini, yana tsoma wani ƙyalle yana ɗagowa ya sha iska. Tsarana ne, tun yana saurayi yake rina wa surukata. Rijiyoyin da suke kewaye da shi da yawa an bar su, shara ta cike wasu.

Ya karɓi zanen ya ware shi a kan gwiwa.

"Hajiya, wace mara tsoron Allah ce ta yi wannan?"

"Ga ta nan, jikata ce. Mai kare al'ada."

Ya leƙa fuskar Muhsina ta saman tabarau. "Ke 'yar ina ce?"

"'Yar Ƙofar Ɗan Agundi, Baba."

"Kin taɓa shigowa nan?"

"Ina wucewa kullum in zan je makaranta."

"Kowa wucewa yake yi." Ya nuna Sakina da haɓa. "Wannan fa na san ta. Ta zo sau uku, ta sa ni surutu a kan toka da katsin da muke haɗa rini da su har na rasa la'asar a jam'i."

Muhsina ta haɗiye wannan, ta ce, "Baba, a taimaka. Zanen Fulani ne na gado, tun kakar kakanmu."

"Na Fulani?" Ya yi dariya har da tari. "Ɗan Kura ne wannan, yarinya. Dubi faɗin ƙyallen, bai kai yatsa biyu ba. A Kura aka saƙa, a Kura aka rina, kuma don Buzaye aka yi shi, su yi rawani su rufe baki. Hajiya, ba ki gaya mata ba?"

Na gaya mata a wajen. Mijin 'Yardada yana kai shanu kasuwa, ya haɗu da ayarin da zai tafi Agadas, ya ga zanen a cikin kayansu ya ba da maraƙi ya karɓa, don matarsa ta ce tana so. Al'adar lulluɓin kuwa ita 'Yardadar ta ƙirƙiro ta da surukarta ta fari, don ba ta da wani abin kirki da za ta yafa mata.

"To na waye ke nan?" Muhsina ta tambaya.

"Wanda ya saƙa Bahaushe ne," in ji Malam Usaini. "Wanda aka yi dominsa Buzu ne. Wadda ta ɗaura Bafulatana ce. Ke kuma kika wanke. Ki zaɓa." Ya ci gaba da shafa zanen. "Amma in masu satar kayanmu ne suke damunki, kada ki ce duk maganarki banza ce. Shekaran bara wata ta zo daga ƙasar waje, ta kwana bakwai tana ɗaukar hoton hannuna. Ɗana ya nuna mini rigunan a waya daga baya. An rubuta sunanta da manyan baƙaƙe, an rubuta Afirka. Babu Kano, balle Usaini. Wannan ya yi mini ciwo. Sai dai ita ta zo ta sata. Ku ko satar ba ku zo ba."

Na tambaye shi ko zai gyaru kafin Asabar. Ya ce rinin ba matsala, zai tsoma shi ya fi sau ashirin a kwana biyu. Bugun ne abin tsoro. Ƙyallin ba ya zuwa sai an barbaɗa garin shuni da ɗan kitse, an ɗora a kan gungume an yi ta dukansa da gudumar itace. Zanen da ya kusa shekara ɗari, kuma ya sha inji sau biyu, yana iya tsagewa gida-gida a bugun farko.

"In an bar shi haka, zai zauna a adaka wata shekara hamsin, amma ba zai sake taɓa goshin kowa ba. In an buga, ko ya dawo ko ya tafi. Mai shi ta faɗa."

Ya dube ni. Na nuna Muhsina, don na riga na ba ta, kuma ba na karɓe kyauta.

Ta matso ta dafa zanen.

"A buga, Baba. Amma ina nan za a yi."

"Za ki ɓata abayarki."

"Ta ɓaci."

Laraba da Alhamis can ta yini. Kamu ma a makare ta zo, da faratanta shuɗaye, 'yan matan amarya suna tambayarta wane sabon lalle ne wannan. Ni ban koma ba, labari take kawo mini. Ta ce Malam Usaini ya hana kowa taɓa zanen sai wani dattijo a rumfar mabuga, Malam Sani, wanda ya naɗe shi a cikin wani sabon ƙyalle, ya karɓi ƙaramar guduma, ya kori abokin bugunsa ya ce shi kaɗai zai yi. Ta ce mutum biyu suke gama riga a ɗan lokaci, shi kuwa tun hantsi har bayan la'asar yana abu ɗaya, yana buɗewa yana dubawa kamar mai jinya. Ta ce ta tambaye shi wa ya koya masa, ya lissafa mata kakanni shida. Tana faɗa mini wannan da irin muryar da take karanta mini sakamakon jarrabawarta.

Ranar Juma'a ta kawo shi. Ya yi baƙi fiye da yadda na san shi, yana ɗaukar ido. A gefe ɗaya ya tsage kamar tsawon tafin hannu, ta ɗinke da kanta, ɗinkin kamar tafiyar kaguwa. Na ce a bar shi haka, 'yan baya su tambaya.

"Har yanzu ban canja ra'ayi a kan masu hoton ƙwarya ba," ta ce.

"Wa ya ce ki canja?"

"Kuma ban ce na yarda a sa mata ba."

"Na ji. Asabar gobe ce."

Ranar Asabar bayan la'asar aka kawo amarya. Danginta sun cika layinmu da gwaggwaro kamar an buɗe lema ɗari, makaɗinsu yana matse kalangunsa a hammata. Ita tana cikin saƙin garinsu mai ruwan jan goro, mai nauyi, ya yi mata kyau ƙwarai. Aka tsaya da ita a zaure kamar yadda aka saba. Murja ta dube ni, na dubi ƙofar ɗakin Muhsina. Matan gidan suka fara ƙus-ƙus. Na tuna gwaggon maigidana da ta so hana ni zanen a zauren nan, ta daɗe a kabari.

Sai ga Muhsina ta fito da zanen a ninke a hannu biyu. Ta tsaya gaban Sakina, ta yi magana yadda na kusa za su ji.

"Sunansa turkuɗi. Aikin Kura ne. Malam Usaini ya rina, Malam Sani ya buga. Duk wanda ya tambaye ki, haka za ki ce."

"Turkuɗi, na Kura. Malam Usaini, Malam Sani." Sakina ta ɗan sunkuya. "In an tambaye ni wa ya wanke fa?"

"Ki ce ba ki jin Hausa."

Ta ware shi ta yafa mata a kan saƙin nata, ta ja shi har ya rufe fuska. Aka rangaɗa guɗa. Na riƙe hannun dama, Muhsina ta riƙe na hagu, muka taka da ita tsakar gida, muka wuce ta kan simintin da har yanzu bai gama sakin shuɗinsa ba.

A ɗaki Murja ta buɗe kanta. Shunin sabo ne, ya kama fiye da na kowa da na taɓa gani: goshi, karan hanci, har gefen kumatu, a kan hodar da aka ɓata awa uku ana shafawa. Gwaggonta ta Sabon Gari ta dafe ƙirji, ta zaro hankici daga jaka ta nufo ta da sauri. Sakina ta riƙe mata hannu, ta faɗa mata wani abu da Yarabanci. Muhsina kuma ta tsaya tsakaninsu da mai hoto.

"Gwaggo, a bar shi," ta ce. "Gida ne ya taɓa ta."

Ta juya ta ce wa mai hoton ya ɗauka, ta ɗora hannunta mai shuɗin farce a kafaɗar amarya.